Nafaj ɗin Innarku

Da Sallar da ta wuce, da kuka zo gida, na ji Sa'adu yana gaya wa 'ya'yansa cewa kakansu ne kaɗai ya hango nesa a shekarar da muka tashi daga Tsohuwar Hilla, wai da an bi maganata da garin nan bai zama haka ba. Na yi shiru, don ba na son in ƙaryata uba a gaban ɗiyansa. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har kuka tafi. Rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya bari ya fi nauyi. Tunda yanzu ba ni da aikin da ya wuce bin inuwar katanga daga safe zuwa yamma, bari in rubuta maku yadda abin ya faru, ku daina naɗa mini rawanin da ba nawa ba.

Ku manyan kun san Tsohuwar Hilla, ƙananan kuwa sai labari. Tana kudu da Kamlin, a matse tsakanin kogi da babbar tur'a, wato magudanar da ke kawo ruwan noma. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka suka yada zango a nan, suka yi gini yadda suka saba, gida manne da gida, katanga ɗaya ta mutum biyu. Akwai lungun da jaki ba ya wucewa da mangala sai an sauke masa gefe ɗaya. Ta waje ke nan, inda mu maza muke bi. Ta ciki kuwa akwai wata hanya da ba tamu ba. Kowace katanga tsakanin maƙwabta tana da 'yar gajeriyar ƙofa, sai an sunkuya, ita ake kira nafaj. A wajenmu matar aure ba ta fita titi da rana sai da dalili mai ƙarfi, amma ta nafaj mace tana iya tashi daga gidanmu ta ɓulle gidan liman a ƙarshen gari ba ta taka lungu ba, ba ta ma ɗauki mayafi ba. Ta nan garwashi ke yawo, da rariya, da tsamin ƙullun gurasar dawa da muke kira kisra, da labarin wadda naƙuda ta kama. Nafaj ɗin innarku Kulu yana faɗawa tsakar gidan wana, Yaya Bello, kuma matarsa Tumba ita ce aminiyarta. Shekara ɗaya aka kawo su gidan aure. Tare suke daka, tare suke wanki, in ɗaya ta haihu ɗayar ce kan murhu har a yi arba'in. In na dawo daga gona ban tarar da Kulu ba, ba na kira, gyaran murya nake yi, sai in ga ta sunkuyo ta ƙofar da sauran dariyar da ba ta gama ba. Ni dai ban taɓa ɗaukar wannan ƙofa a bakin komai ba. Rami ne a katanga, abin mata.

Kogi ya daɗe yana cin gaɓa kaɗan-kaɗan, amma a daminar wannan shekarar ya zo da fushi. Ya tafi da gidajen layin gaba, ya tsaga bangon masallaci daga sama har ƙasa. Hukuma ta ce dole mu tashi, za a yanka mana sabon gari a kan tudu, yamma da tur'a. Aka kafa lajna, wato kwamitin mutum biyar, aka sa ni ciki saboda ni ne samad, manomin da aka ɗora wa rabon ruwa tsakanin gonakin layinmu. Aka aiko mana muhandis, wato injiniya, daga Madani, wani siriri mai tabarau da ba ya jin Hausa ko sannu. Ya shimfiɗa taswira biyu a kan tabarma, ya danne kusurwoyinsu da takalmanmu. Ta farko, kowane magidanci mita ɗari huɗu, tituna masu faɗin da mota uku za su jera, a raba filayen da ƙuri'a, kowa inda takardarsa ta faɗa. Garin zai miƙe har ya cinye gonakin dawa na yamma. Ta biyu, fili rabin wancan, gidaje a manne, tankin ruwa da makaranta da masallaci a tsakiya, gonakin yamma a bar su gonaki. A ƙarshe ya ƙara da cewa a ta biyun babu ƙuri'a, dangi da maƙwabta su zaɓi layinsu su tare wuri ɗaya. Wannan ƙarashen na ji shi da kunne ne kawai, ban ajiye shi ko'ina ba. Ya ce shi ta biyu ya fi so, amma ba mai sa mata hannu sai mutane sun yarda da bakinsu, kuma duk ƙauyukan da ya je ta farko suka ɗauka.

Ni kallo ɗaya na yi na gane. Wanda ya yi shekaru yana raba ruwa ya san gonar da ke wutsiyar magudana ba ta ƙoshi, na kai yana sha, na ƙarshe yana kallo. To bututun fanfo ma haka yake, in ka ja shi ya yi tsawo, na ƙarshe iska zai sha. Na dubi muhandis na ce masa da Larabci ya bar mini mutanena, ni na san yadda zan yi da su. Har yau in na tuna yadda na faɗi wannan magana ina buga ƙirji, sai in ji kunyar kaina.

Wata biyu na yi ina bin gidaje. Da na dawo daga gona na yi la'asar, sai in naɗe taswirar in soka a hammata. Gida sittin da 'yan kai ne a garin, kuma babu zauren da ban zauna ba. In yi sallama, maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma, can sai a turo tiren shayi ta ƙarƙashin labulen ƙofar cikin gida, in ga yatsu masu lalle sun janye. In sha, in fara. In zana masu bututu da tsinke a ƙasa. In tuna masu baƙar lakar nan tamu da ke cire wa mutum takalmi da damina, in ce ku duba titi mai faɗin nan, wa zai kai yaro makaranta ta cikinsa. In ce katanga ɗaya inuwa biyu take bayarwa. In ce gonar dawa in aka yi gini a kanta ta tafi ke nan har abada. Wasu su gyaɗa kai, wasu su ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, wanda duk mun san ma'anarsa a'a ce cikin ladabi. Kun san bakina. In mutum ya yi gardama sau biyu, na uku sai in ce masa kansa bai fi na jakinsa ba. Mutum nawa na kora da bakina waɗanda taswirar ta jawo, Allah kaɗai ya sani.

Wata rana na dawo da zafin rai, na shimfiɗa takardar a tsakar gida ina dubawa. Kulu tana tsince wake a gefe. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce:

"Malam, wagga takarda da kake yawo da ita, mi ke cikinta?"

Na ce, "Maganar lajna ce. Ina ruwanki da mita da bututu?"

Ta ce, "To."

Ta ɗauki faifanta ta sunkuya ta nafaj ta tafi wurin Tumba. Ban ko ɗaga kai ba. Ba don na raina ta ba ne, wallahi. A kaina tsarin gari maganar zaure ce, kamar yadda kitso maganar cikin gida ce, haka na tarar da ubana, haka na ɗauka.

Aka sa ranar Juma'a bayan salla, a gindin dalbejiyar masallaci, magidanta su ɗaga hannu. Muhandis ya yi bayani, na fassara, na ƙara da nawa. Na ga fuskoki suna laushi, har na fara sa rai. Sai Yaya Bello ya miƙe. Mutum ne da ba ya yawan magana, shi ya sa in ya yi ake ji. Bai dubi jama'a ba, ni ya duba.

Ya ce, "Haruna, ƙanena kake, amma yau sai na faɗa maka. Kakanmu da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ya ciri audugar wasu har ya mutu, anka rufe shi cikin ƙasar da ba shi da takardarta. Ubanmu haka nan. Shekara nawa ana ce mana baƙi? Yau rana ɗaya hukuma ta ce ga fili, ga takarda da hatimi, daidai da na kowa, kai kuma ka tashi kana roƙon a ba mu rabi. Ƙauyen da ke ƙetaren tur'a ɗari huɗu anka ba su. Mu mi munka rasa? Ni dai ba ni barin ɗiyana su ce ubansu ya amshi rabin rabo da hannunsa."

Maganar ta shige ni ni ma, don kakan nawa ne, kuma na san zafin da yake nufi. Amma maimakon in amsa masa ta inda ya taɓa, sai na koma kan bututu. Wani daga baya ya ce, "Samad dai da ruwa, ko a mafarki ruwa yake rabawa." Aka yi dariya. Da aka ɗaga hannu, mu tara ne har da ni. Muhandis ya naɗe taswirar ta biyu ya sa a jaka. Daga ranar na daina gaisawa da Yaya Bello sai ta sama-sama, in mun haɗu a sahu.

Bayan girbi aka yi ƙuri'a. Aka zuba lambobi a ƙwarya, kowa ya sa hannu. Na Yaya Bello ya faɗa gabas, kusa da tanki. Nawa ya faɗa nan inda kuka sani, layin ƙarshe na yamma, bayanmu sai saura. Ga wani abin da ban taɓa gaya wa kowa cikinku ba. Da yammacin ranar wani mutum wanda filinsa ya faɗa jikin na Yaya Bello ya same ni. Yana da awaki da yawa, ya fi son bakin gari. Ya ce mu yi musaya, in zauna kusa da ɗan'uwana. Alheri ya zo yi mini. Na ce masa ku da kuka zaɓi ƙuri'a sai mu ci ƙuri'ar tare, ni ba na motsawa daga inda takarda ta ajiye ni. So nake in zauna a wutsiya, ruwa ya ƙi zuwa, kowa ya gani da idonsa cewa ni ke da gaskiya. Ban yi tunanin wadda za ta zauna a wutsiyar tare da ni ba.

Ranar da muka kwashe kaya mata suka yi ta kuka. Kulu da Tumba suka riƙe juna a bakin nafaj har sai da mai amalanke ya gaji da jira. Na ɗauka kukan barin tsohon gida ne, na ce a raina kwana biyu za su manta in sun ga faɗin tsakar gida.

Faɗi kam akwai shi. Shekara biyu na yi kafin in gama kewaye shi. Filin da ke gabas da mu na wani ne da ke aiki a Saudiyya, bai gina ba, har yau bai gina ba. Na kudu ya sa harsashi ya bari. Da magini ya zo kan katangar gabas, Kulu ta aiko a ce mini a bar mata nafaj. Na shiga ina dariya.

Na ce, "Nafaj zuwa ina? Ƙaya ce a bayan nan."

Ta ce, "Wata rana za su gina."

Na ce wa magini ya bar mata. Shekara uku ƙofar tana buɗe tana kallon ƙaya da tumfafiya, sai da karnuka suka fara shigo mana ta nan na toshe ta da kwano. Ranar ta tsaya tana kallo har na buga ƙusa ta ƙarshe.

Zuwa wurin Tumba ya zama tafiya. Sai ta nemi izni, ta ɗauki mayafi, ta jira rana ta yi sanyi, ta ratsa tituna bakwai da babu inuwa ko ta kaza. Da farko duk Juma'a take zuwa. Daga baya sai suna ko biki. Da damina laka ta raba gabas da yamma, sai su yi wata biyu ba su ga juna ba, a gari ɗaya. Ku kuka girma kuka watse, wannan Hartum, wannan Madani, wannan aure a Rufa'a. Ku kun san innarku mai shiru ce, mai amsa magana da kalma ɗaya. Ba haka aka kawo mini ita ba. Macen da na aura in tana ba da labari sai ta ajiye abin da ke hannunta ta kwaikwayi tafiyar mutum. A gidan nan ta yi shiru, a gabana, ni kuwa na ce girma ne ya zo. Sau da yawa nakan dawo in tarar da ita zaune a kan angarib, gadon igiyar nan, a tsakiyar wannan fili, rediyo yana magana, ita tana kallon katanga. In yi gyaran murya don sabo, ta ce, "Ga ni nan, Malam, ina za ni?"

Ruwa kuwa bai zo ba, kamar yadda na faɗa. Fanfonmu ya yi wata shida yana ɗiga, daga nan ya koma huci. Duk layukan yamma muka koma jiran mai jaki da ganga. Gonakin dawa suka zama filayen da babu gini babu shuka. Allah ya yafe mini, na ji daɗi. In na zauna a bakin masallaci wani ya yi kukan ruwa, sai in gyara zama in ce ai wani mahaukaci ya taɓa faɗa. Shekaru na yi ina cin wannan daɗin ni kaɗai, babu mai taya ni, don mutane ba sa zama kusa da wanda kullum yake tuna masu kuskurensu.

A shekara ta tara da tashinmu, wata ranar Talata bayan azahar, ina alwala Kulu tana kwashe kisra, sai lasifikar masallaci ta yi ƙara. Aka yi salati, aka ce Allah ya yi wa Tumba matar Malam Bello rasuwa, jana'iza bayan la'asar. Yaya Bello ya fita gona da sassafe ya bar ta lafiya, ya dawo ya tarar da ita kwance a gindin randa. Ko ta yi kira, ko ba ta yi ba, babu wanda ya sani, maƙwabcinsu mafi kusa akwai titi tsakaninsu. Kulu ta ajiye abin da ke hannunta a hankali. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Cewa ta yi, kamar mai tambayar kanta:

"A lasifika zan ji mutuwar Tumba?"

Kwana uku ta yi a gidan makoki. Ni ma na zauna a zaure kusa da Yaya Bello, muka karɓi gaisuwa tare, abin da ke tsakaninmu ya mutu a nan ba tare da wani ya ambata ba. Ranar uku da la'asar na sa aka kira ta muka kamo hanya, ina gaba tana baya. Mun ratsa titi uku. A na huɗu na ji takunta ya tsaya. Na juya.

Ta ce, "Malam, jiya matar liman ta faɗi wata magana. Wai waccan shekara takarda biyu anka kawo. Wai ɗaya babu ƙuri'a cikinta, kowa zai zauna da maƙwabcinsa. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne."

"Ita ce kake yawo da ita?"

"Ita ce."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun da aka kawo ta.

Ta ce, "Mu abin da anka gaya mana, gida babba da gida ƙarami. Anka ce mijina na son a rage wa mutane fili. Har kunya na riƙa ji cikin mata, ina kare ka ban san mi nake karewa ba. Babu wanda ya ce mana raba mu za a yi. Ka shiga zaure sittin, ka sha shayi sittin. Mu munka dafa shi, muna bayan labule muna jin ka, bututu, bututu, laka. Ko sau ɗaya ba ka ce maƙwabci ba. Da ni ka gaya wa, da kafin magariba maganar ta kai gidan liman ta nafaj. Wane namiji ne zai ɗaga hannu a raba mu, ya dawo gida ya ci tuwo lafiya?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta ta ce mu tafi, rana na faɗuwa. Ban gaya mata zancen musayar da na ƙi ba, na ji tsoro. Muka ƙarasa sauran titunan uku ina jin takunta a bayana, ina lissafin matan da suka turo mini shayi. Rabin garin ne, kuma su ne rabin da tun farko suke tare da ni, ni ne ban sani ba.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da dafa mini abinci, tana yi mini sannu da zuwa, tana zama a kan angarib ɗinta. Shekara shida ta yi bayan Tumba. Kullum ina cewa gobe zan zauna kusa da ita in gaya mata sauran, in ce ta yafe mini, kullum girman kai yana ce mini ba yau ba. Ga shi yau na faɗa duka, na faɗa maku ku da ban yi wa laifi ba, ita da ya kamata ta ji ba ta nan.